Awa Biyu a Sama, Yini Guda a Ƙasa: Wa Filin Jirgin Damagaram Yake Yi Wa Aiki?



Yau magana ce nake tafe da ita wadda ta daɗe tana ci mini rai, kuma na san ba kowa za ta yi wa daɗi ba. Wanda ya ga na kauce ya gyara mini, amma don Allah ya bari in kai aya tukuna.

Shekaranjiya da dare muna zaune a fada ana shan shayi, sai gardama ta kaure kan nisan da ke tsakanin Damagaram da Yamai. Wani ƙanenmu ɗan jami'a ya zaro wayarsa ya latsa, ya ɗago kai yana murmushi ya ce, "Ai ku ne kuke zuzuta abin. Ga shi nan, kilomita 740 ne kawai, a jirgi ko awa biyu ba ta cika." Akwai wani dattijo a gefe da bai kwana uku da dawowa daga Yamai ba, ƙafafunsa har yanzu a kumbure suke saboda zaman mota. Ya ajiye kofinsa ya ce, "Yaro, to Yamai ɗinka daban ce da tawa. Tawa tun kafin kiran sallar asuba na kama hanyarta, ban gan ta ba sai bayan isha'i." Aka yi dariya aka watse. Ni dai ban yi dariya ba, don su biyun duka gaskiya suka faɗa, kuma tazarar da ke tsakanin gaskiyarsu ita ce abin da ya kamata ya hana mu barci.

Bari in fara ba ɗan jami'a haƙƙinsa. Lissafinsa daidai ne. In ka miƙe zare daga filin jirgin Damagaram zuwa filin jirgin Diori Hamani na Yamai, abin da za ka samu bai wuce kilomita 740 ba. Jirgi mai farfela irin wanda aka saba sa wa a zirga-zirgar cikin gida yana gudun kusan kilomita 500 a awa guda. In ka raba, awa ɗaya da rabi ke nan. Ka ƙara lokacin da yake ɗauka yana gangarawa bakin titi, da lokacin hawa sama, da lokacin saukowa, sai ka tashi da awa biyu ko ƙasa da haka kaɗan. In babban jirgi ne mai gudun kilomita 800 ko fiye, awa guda da ƴan mintoci ta ishe shi. In kuma za a ya da zango a Maraɗi, sai ka ƙara abin da ya sawwaƙa. Wannan duk babu ja a ciki.

Yanzu ga lissafin dattijo. Hanyar ƙasa mai lamba ɗaya, wadda ta haɗa mu da Yamai, ta tasam ma kilomita 900. Ka bar Damagaram, ka wuce Tirmini da Takeita, ka shiga Tasawa, Gazawa, Agye, Cadawa, ka isa Maraɗi. A nan ma ko kashi ɗaya cikin uku ba ka ci ba. Sauran Gidan Rumji, Madawa, Galmi, Malbaza, Birnin Ƙwanni, Dogon Dutsi, Doso, kafin ka hango fitilun Yamai. In Allah ya kiyaye, taya bai fashe ba, ba a daɗe a shingen bincike ba, awa goma sha huɗu zuwa sha shida. Mutumin Droum kuma nasa ya ɗara haka, don kar da asuba take tashi, dole ya shigo birni tun jiya ya kwana a tasha ko gidan ɗan uwa. Tafiyar da waya ta ce awa biyu ce, mu kwana ɗaya da yini ɗaya take ci mana, zuwa kaɗai.

Wannan magana ba a littafi na karanta ta ba. Bara da rani aka tura goggona Yamai. Ciwon daji ne ya kama ta, kuma maganin gashi na na'ura da ake yi wa masu irin ciwon, cibiyar ƙasa da ke yin sa a Yamai take, a 2021 ta fara aikin. Mace ce da ta haura shekara sittin, zaman minti talatin ma da ƙyar take iya yi. Na ce bari in tambayi jirgi. Na je na tambaya. Aka gaya mini ranar tashi na gaba, wadda ta wuce ranar da likita ya ba mu, aka kuma gaya mini kuɗin kujera. Na yi lissafin ni da ita, zuwa da dawowa, sai na ga ko mun sayar da sa biyu da ƙyar. Na fito ina share zufa. Muka shiga kar. Mun wuce Madawa da kaɗan ta kama hannuna ta ce, "Ɗana, ka ce wa direba ya sauke ni nan, in mutuwa ce ta same ni a kwance." Na ce, "Goggo, ki yi haƙuri, mun kusa." Ƙarya na yi mata. Ko rabin hanya ba mu kai ba.

To ga abin da nake cewa, kuma a kansa na tsaya. Filin jirgin da talaka marar lafiya ba zai iya shigarsa ba, wanda babu mai iya gaya maka da tabbaci ranar da jirgi zai sauka a cikinsa wata mai zuwa, wanda bai haɗa mu da garin da ya fi kusa da mu a ciniki da zumunci ba, wannan fili ado ne aka yi mana da shi. Kuma shirun da muke yi a kansa, muna cewa ai jirgi ba namu ba ne, shi ya sa ya zama ba namu ba.

Ku ɗauki taswira ku duba inda Allah ya ajiye mu. Daga Damagaram zuwa Kano a sama kilomita 200 ne, tafiyar minti arba'in a jirgi mai farfela. Maraɗi ma kusan haka. Agadas wajen 370. Diffa wajen 400. Abuja, babban birnin Najeriya, ta fi Yamai kusa da mu, ba ta kai kilomita 600 ba. Njamena ta Chadi ita ma ta fi Yamai kusa da mu. Wato a cikin manyan biranen ƙasashe uku, namu ne ya fi mana nisa. Wannan ba laifin kowa ba ne a cikin masu rai, amma yana da asali. Damagaram ce hedikwatar mulkin Nasara a wannan ƙasa har zuwa 1926, lokacin da Faransawa suka kwashe ta suka kai bakin kogin Kwara. Tun daga ranar komai ya bi ta can: ma'aikatu, manyan asibitoci, ofisoshin jakadanci, takardun tafiya, jarabawar shiga aiki. Shekara ɗari ke nan muna bin sawun hedikwatar da aka ɗauke daga ƙofar gidanmu.

Kafin Nasara kuwa, wa ya isa ya ce Damagaram lungu ce? Zamanin Sarki Tanimu ayarin raƙuma daga Kano nan suke sauka kafin su nausa Agadas, su wuce Gat har Tarabulus. Fatake daga arewa nan suke sauke kaya. Mu ne mahaɗa. Ƙasar da raƙumi ya san hanyarta ba tare da taswira ba, yau ita ce jirgi yake zuwa mata kamar baƙon da aka roƙa.

Wani zai ce ai an gyara filin. E, an gyara. Duk mun ga hidimar da aka yi lokacin Zinder Sabuwa, bikin 18 ga Disamba na 2018, cikar jamhuriya shekara 60. An yi kwalta, an yi fitilu, filin jirgi ma ya samu rabonsa. Jirage suka yi ta sauka da manyan baƙi, yara suna ɗaga kai suna tafi. Biki ya watse, baƙi suka tafi da jiragensu. Bayan wata shida, a 2019, aka buɗe sabon ginin filin jirgin Yamai da kamfanin Summa na Turkiyya ya yi, don taron ƙungiyar Tarayyar Afirka. Ba na baƙin ciki da shi, ƙasarmu ce, kuma babban birni ya cancanci babban fili. Tambayata ita ce: an gyara bakin rijiya nan, an gyara can, to ina guga? Fili biyu masu kyau da babu jirgi mai tabbas a tsakaninsu, me suka ƙara wa goggona?

Ku tsaya bakin filin nan ranar da jirgi ya sauka ku ga masu fitowa. Manyan ma'aikata da gwamnati ta biya wa. Ma'aikatan ƙungiyoyin agaji, waɗanda ma suke da nasu jirgin na Majalisar Ɗinkin Duniya da ba ya ɗaukar kowa sai su. Ƴan kasuwa ƙalilan da Allah ya buɗa wa. Ba hassada nake musu ba, Allah ya ƙara musu. Amma mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jikka 42 ne a wata, kujera guda ta zuwa kaɗai kuwa ta zarce shi nesa ba kusa ba. Malamin makaranta, ma'aikaciyar jinya, ɗalibin da aka kira jarabawa gobe, manomin da ya kai matarsa asibiti, duk kallon jirgi suke daga ƙasa kamar yadda muke kallon shamuwa.

Maganar alhazai kuwa ita ta fi ban takaici. Makka gabas take da mu. Amma tsohon da ya tara kuɗin kujera shekara goma, sai ya fara juya wa alƙibla baya, ya sha kilomita 900 zuwa yamma, ya zauna Yamai yana jiran a kira jirginsa, kuɗin guzuri yana ƙarewa a abinci da makwanci. Sannan jirgi ya tashi ya juyo gabas, ya maimaita a sama nisan da ya sha a ƙasa. In ya dawo da gajiyar Mina da Arfa, da tari, da kaya, sai ya sake shan wata 900 ɗin kafin ya ga iyalinsa. Dalilin da ake bayarwa shi ne titin saukar filinmu bai isa manyan jiragen alhazai ba. Gaskiya ne. Na Agadas mita 3,000 ne, namu bai kai haka ba. To titi daga sama yake faɗowa? Ba kwalta da tsakuwa ba ne? A ƙidayar 2012 jaharmu ce ta fi kowace yawan jama'a a Nijar, mutum sama da miliyan 3 da rabi. In aka haɗa da alhazan Diffa da na gabashin Maraɗi, wa zai ce babu masu cika jirgi?

Yanzu bari in juyo kan masu sukar wannan magana, don na san su, wasunsu ma abokaina ne.

Na farko su ne masu cewa, "Kai Malam, mutanen da ba su da ruwan sha kake yi wa maganar jirgi? Talaka ina ruwansa da jirgi?" Wannan magana tana da daɗin ji, kuma mai yin ta yana ganin shi ne mai tausayin talaka. Ni mutumin Droum ne, ba sai an koya mini darajar ruwa ba. Rijiyoyin Gogo da Machaya da suka daɗe suna shayar da birnin Damagaram nan ɓangarenmu suke, kuma mun san yadda mata da yara suke kwana a layin famfo a birni in zafi ya yi zafi. Amma wa ya ce sai ɗaya za a zaɓa? Da aka gina filin Yamai, wa ya ce a dakata sai kowane ƙauye ya samu famfo? Wannan zaɓin mu kaɗai ake ajiye wa. Kuma shekara nawa muna haƙura da jirgi don a ba mu ruwa, ruwan ya wadata? Mun bar wannan, ba mu samu wancan ba.

Sannan cewa talaka ba ruwansa da jirgi, ai mai ƙoshin lafiya ne yake faɗa. Ranar da mota ta kaɗe ɗanka aka ce sai an kai shi Yamai, ranar za ka san kana da ruwa da jirgi. Ko da kai ba ka taɓa shiga ba, likitan da zai zo ya yi maka aiki shi zai shiga. Ƙwararren likita da ke Yamai zai yarda ya zo Damagaram ya yi kwana biyu ya koma in ya san awa biyu ce kuma jirgin ba ya saɓa alkawari. In ya san kwana biyu zai ɓata a hanya kaɗai, ba zai zo ba. Haka malamin da Jami'ar André Salifou take son gayyata, haka mai gyaran na'urar asibiti da ta lalace, haka jini da alluran rigakafi da ba sa son zafi, haka mai kuɗin da yake tunanin kafa masana'antar man gyaɗa ko ta fata. Duk wanda zai kawo mana wani abu, nisan da yake aunawa shi ne na lokacinsa. Jirgin da talaka bai shiga ba yana iya kawo masa abin da zai cece shi.

Na biyu su ne masu cewa babu fasinja, kamfani ba zai yi asara don mu ba. Ina tambayarsu: fasinja ne ya fara gudu, ko jirgi ne ya fara saɓawa? Wanda aka taɓa ɗage wa tafiya sau biyu, ya rasa ranar ganin likita ko ranar taro, ba zai sake dogara ba, gara ya shiga kar da ya san ko ana ruwa ko ana iska za ta tashi. Fasinja ya ragu, kamfani ya ƙara kuɗi don ya cike giɓi, fasinja ya ƙara raguwa, sai a ce ga shi nan, mutanen Damagaram ba sa shiga jirgi. An bar jaki ana dukan taiki. Ku duba kamfanonin motoci: kar nawa ke barin Damagaram zuwa Yamai kowace asuba, cike maƙil? Duk mutanen nan ba yawon buɗe ido za su ba. In ɗaya cikin ashirin ma ya samu kujerar jirgi da kuɗin da zai iya, kuma da ranar da ba ta canzawa, jirgi mai kujera 50 ko 70 zai rasa masu shiga? Matatar mai ta SORAZ tana nan arewa da birni tun 2011, an gina ta don tace ganga 20,000 a rana. Jahar da ke tace man da ƙasa take sha, ita ce ba ta isa a ba ta jirgi mai tabbas ba?

Na uku su ne masu cewa gwamnati ba ta da kuɗi, kuma ƙasa tana cikin yaƙi. Wannan ba na raina shi. Mun san halin da ake ciki, mun san ƴaƴanmu da ke bakin daga, Allah ya kare su. Amma rashin tsaro ai hujja ce ta a samar da jirgi. Duk wanda ya bi hanyar nan ya san akwai wuraren da fasinja suke yin tsit, kowa yana addu'a a ransa. Ƙasa mai faɗin tamu, wadda daga Yamai zuwa Diffa ya haura kilomita 1,300 a mota, ba ta haɗuwa da hanya guda ɗaya tilo.

Kuma ba mu muka fara shiga wannan hali ba. Amurka, da duk son kasuwarta, tun 1978 take biyan kamfanoni tallafi don kada su daina sauka a ƙananan garuruwa. Faransa, wadda muka gaji dokokinmu da yawa daga gare ta, tana da hanyoyin jirgi da hukuma take ɗora wa kamfani wajibcin bi, ta gindaya yawan tashi, ta cike masa asarar. Indiya a 2016 ta fito da shirin UDAN, inda aka ƙayyade kuɗin wani kaso na kujeru a jiragen ƙananan garuruwa don mai ƙaramin ƙarfi ya iya shiga. In an ce waɗannan masu kuɗi ne, to Habasha fa? Kamfanin jirginta yana sauka a garuruwan cikin gida da dama a kai a kai, da jirage masu farfela irin waɗanda suka dace da filinmu. A gabashin Afirka kuwa tun 1957 likitocin AMREF suke kai wa marasa lafiya ɗauki da jirgi. Abin da duk waɗannan suka gane shi ne jirgin cikin gida kamar hanya yake, kamar asibiti yake. Wa ya taɓa tambayar ribar da kwaltar Takeita ta kawo a ƙarshen shekara?

Mu ma ba baƙin abin ba ne. Nijar tana cikin ƙasashen da suka kafa Air Afrique a 1961, ya rayu har 2002. Mun taɓa samun Air Niger namu na gida, shi ma ya kwanta dama. Darasin da ke ciki ba shi ne mu haƙura ba. Darasin shi ne kamfanin da manya suke shiga ba su biya ba, wanda ake juya jirginsa saboda wani babba yana da biki, ba zai rayu ba. A gyara wannan.

Sai maganar Kano, wadda ita ce ta fi ɗaure mini kai. Wane gida ne a Droum da ba shi da ɗan uwa a Kano, ko Daura, ko Kazaure? Kantin Kwari, Kurmi, Dawanau, nan ƴan kasuwarmu suke wuni. Marasa lafiyarmu da yawa can suke nufa. Filin jirgin Malam Aminu Kano shi ne mafi daɗewa a Najeriya, tun 1925 jirgi ya fara sauka a Kano, kuma daga can ana tashi zuwa Saudiyya da sauran duniya. Minti arba'in ne tsakaninmu da wannan ƙofa. Amma babu jirgi ko ɗaya da ke haɗa mu. Wanda ya nace sai ya je Kano ta sama, sai ya fara shan kilomita 740 zuwa yamma, ya nemi hanya daga can. Na san siyasa ta shiga tsakani. Najeriya ta rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufewa bayan 26 ga Yuli 2023 har zuwa Maris 2024, kuma yanzu mun fita daga CEDEAO. Amma gwamnatoci suna ɓatawa suna shiryawa, Kano ba za ta tashi daga inda take ba, mu ma haka. Layin dogon da aka aza harsashinsa a 2021 daga Kano, Maraɗi ya nufa ta Daura da Katsina da Jibiya. Muna taya Maraɗi murna. Mu fa, wa ya tsaya mana a teburin da aka zana shi?

Nan ne zan zo kan namu laifin, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Manyanmu na Damagaram da suke Yamai, masu muƙami da masu kuɗi, su ne suka fi kowa sanin wannan matsala, kuma su ne suka fi kowa yin shiru. Dalili a fili yake: su suna samun kujera. In jirgi ya saɓa, suna da mota mai sanyi da direba. Ciwon da bai taɓa ka ba, ba ka yi masa kuka. Mu kuma na ƙasa mun ɗauki abin kamar ƙaddara, in ka ta da maganar a ce kana son girma. Shekara da shekaru ƴan takara suna zuwa Droum neman ƙuri'a, mun roƙe su buhun shinkafa, mun roƙe su ƙwallo da riguna, wa ya taɓa tsayar da ɗaya ya tambaye shi yadda za a kai marar lafiyarmu Yamai bai mutu a hanya ba?

Abin da nake nema ba ya da yawa, kuma babu wanda ya fi ƙarfin hukuma a ciki.

A sa ranakun tashi tsayayyu tsakanin Damagaram da Yamai, ko sau uku ne a mako, a sanar da su a gidajen rediyo da Hausa da Barbarci da Fulatanci, kuma a riƙe su kamar yadda ake riƙe ranar kasuwa. Kamfanin da ya karɓi aikin a ɗaure shi da yarjejeniya: in ya tashi a biya shi giɓinsa, in ya saɓa ba dalili a ci shi tara.

A kowane tashi a ware kujeru, ko huɗu ne, na marasa lafiyar da likita ya tura da takarda, tare da mai jinya guda, a kuɗin da bai wuce na kar da yawa ba. A sa hannun likita da na hukuma a kai, a kuma riƙa bayyana yawan waɗanda suka amfana, don kada kujerun su koma na ƴan uwan manya.

A tsawaita titin filin ya iya ɗaukar jirgin alhazai, mutanen Damagaram da Diffa su tashi daga nan.

Duk ranar da aka zauna da Najeriya kan maganar iyaka da ciniki, a sa hanyar Damagaram zuwa Kano a cikin abin da za a tattauna.

Na ƙarshe, wanda ya fi duka: a rage abin da yake kai mu Yamai. Jirgin da ya fi kowane sauri shi ne tafiyar da ba sai an yi ta ba. A kawo na'urori da ƙwararru asibitocinmu, a riƙa yin jarabawar shiga aiki da manyan takardu a nan. Har da maganar hanyoyinmu na karkara, don in jirgi yana jira a fili amma damina ta yanke hanyar ƙauyenku, ba ka tsira da komai ba.

Ina kira ga sarakunanmu, da malamanmu, da ƴan kasuwa, da ƙungiyoyin farar hula, da ƴan jaridar gidajen rediyon Damagaram: ku ɗauki maganar nan ku kai ta inda ake yanke hukunci. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku matasa masu waya, irin ƙanenmu na fada, ku da kuka iya binciko nisa a cikin minti guda, ku binciko mana wanda ya kamata a tambaya, ku tambaye shi da ladabi, ku sake tambayarsa gobe.

Goggo ta dawo gida, alhamdu lillahi, tana samun sauƙi. An ce ta koma a duba ta bayan wata shida. Da na tuna mata, sai ta ce, "Ɗana, in dai a motar nan ce, ka bar ni wa Allah." Watan da aka sa mata ya wuce, har yau ina lallashi. Ko jiya da la'asar muna zaune a tsakar gida wani jirgi ya gifta ta samanmu, ta ɗaga kai ta bi shi da kallo har ya ɓace, ba ta ce komai ba.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya kiyaye matafiyanmu, ya ba shugabanninmu ikon jin kukan na ƙasa. Amin.

Wassalamu alaikum.